Ƙarar Magagari a Zauren Malam

Satin nan magina suka rushe zaurenmu. 'Ya'yana ne suka yanke shawara, wai za a fitar da shaguna ta bakin titi, a jera ɗakunan haya a baya, tunda a Samarun yanzu ko akurkin kaji ka sa wa ƙofa sai ka samu ɗalibin da zai kama. Ban hana su ba. Gidan ubansu ne, ginin ƙasar kuma ya gaji, kowace damina sai mun tara kwanuka. Na jawo kujerata tsakar gida na zauna ina kallo, yaran unguwa na ta ihu suna jan azara. Babban ɗana ya leƙo ya ce, "Inna, ki koma ɗaki mana, ƙurar nan za ta tayar miki da tari." Na ce ya bar ni. Abin da na kasa gaya masa shi ne, daidai lokacin da bangon gabas ya kwanta, wata ƙara ta dawo mini a kunne wadda na yi shekaru ban ji ba, ƙarar magagarin Malam yana cin bakin tagulla.

Malam shi ne maigidana, Allah Ya jiƙansa. Ba malamin allo ba ne, haka dai muke kiran mazajenmu, don a zamaninmu mace ba ta kama sunan miji. Yanzu kuwa ina jin jikata tana kiran nata da wani suna da na ɗauka na kyanwa ne. Aikin Malam gadin gonakin gwaji ne da ke bayan gari, inda birai da gyado suke ɓarna, shi ya sa aka ba shi bindiga da lasin. Wani Bature da ya yi wa aiki, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa akwatin kayan ɗurin harsashi, ya kuma koya masa yadda ake yi. Lokacin nan sabon harsashi sai an je kanti a PZ, can Sabon Gari, shi ma ba kullum ake samu ba. Saboda haka maharbi in ya yi harbi ba ya barin kwanson harsashin a ƙasa. Zai tsuguna ya lalube shi cikin ciyawa, ya sa aljihu, ya kawo wa Malam a sake ɗura masa.

Ni da na zo gidan ina ganin abin kamar wasan yara, ƙato da gemunsa ya zauna yana goge ɗan ƙarfen da bai fi yatsa ba. Sai Malam ya yi mini bayani, a yini guda, don ba mai yawan magana ba ne. Ya ce duk harbin da aka yi, bakin kwanso yakan ƙara tsawo kaɗan, kamar kaurin gashi. In aka bar shi da tsawonsa aka ɗura, zai matse a cikin bindiga, wutar da ya kamata ta yi gaba sai ta nemi fuskar mai harbi. In kuma aka rage shi fiye da kima, ba zai riƙe dalmar ba. Yana da wani kwanso guda da bai taɓa ɗurawa ba, shi ne ma'auninsa. Zai tsayar da su biyu a kan faranti, ya ɗaga su saitin hasken ƙofa, ya runtse ido ɗaya, sannan ya ja magagari sau biyu ko uku, ya hure, ya sake dubawa. Duk kwanson da ya gyara sai ya yi masa 'yar tsaga a gindi. In tsagar ta yi yawa ya san kwanson ya tsufa, sai ya sa guduma ya dagargaza shi don kada wani ya tsinta. Nawa aikin shi ne wanki. Nakan jiƙa tsamiya, in zuba kwanson a tasa, in cuɗa da toka har su fito jawur suna ƙyalli, in shanya su a kan tabarma nesa da kaji. Har yau in na ji warin tsamiyar kunu sai na tuna tasar nan.

Samarun da nake ba da labari ba wannan ba ce. Daga bayan katangarmu daji ne, ɗorawa da kaɗanya har inda ido ya tsaya. Makwarwa ke tashe mu, ba janareto ba. Da hantsi, in na gama shara, unguwar takan yi tsit, ba ka jin komai sai luguden mata daga nesa da magagarin Malam daga zaure, a hankali, ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya. Da wannan ƙarar nake sanin lafiyarsa. In ta yi sauri an ɓata masa rai a wurin aiki. In ta yi sanyi har yana ɗan gunguni a ciki, to ranar zan iya roƙon a bar ni in je gidanmu. Kuma a lokacin in aka ji ƙarar bindiga daga daji, mata murmushi suke yi su ce yau wani gida za a ci daɗi. Yanzu ko tayar mota ce ta fashe sai ka ga uwa ta suri ɗanta ta yi ɗaki. Wannan sauyin yana ba ni baƙin ciki fiye da rushewar kowane gini.

Malam ba ya karɓar ko kwabo a kan aikin nan. Al'adar maharban ita ce, duk wanda ya kashe nama da harsashin da ya ɗura, cinya ɗaya ta mai gyaran kwanso ce. Ba naman ne ya dame shi ba, don sau da yawa rabar da shi nake yi a maƙwabta. Abin da yake so shi ne a yi sallama a zaure, a ajiye cinya a gabansa, a ce, "Malam, hannunka ya yi kyau." Mutum ne da bai yi boko ba, bai yi dukiya ba, ba shi da sarauta. Wannan kalmar ita ce rawaninsa.

Cikin masu zuwa babu kamar Kofur. Tsohon soja ne, mutumin kudancin Zariya, Kirista, da ya bar bariki a Basawa ya kama gida a Sabon Gari wajen Dogarawa. Shi da Malam aminai ne tun kafin a san da ni. Ƙato ne baƙi mai dariya kamar ana mirgina ganga, Malam kuwa siriri ne shiru-shiru, in ka gan su a kan keke ɗaya sai ka tausaya wa keken. Kofur ba ya shiga daji sai da Musulmi a tare da shi, don a samu mai yanka, naman ya shiga gidanmu ba tare da wani ya yi tambaya ba. Tun ranar da aka kawo ni yake kirana Amarya, har na yi furfura bai sauya ba. Yakan tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya, "Amarya, a kawo wa soja ruwa, ko a kai ki gadurum!" Ni kuma daga bayan asabari in ce, "Sojan da ya gudo daga fareti ya zo yana ba mu oda." Malam ba ya sa baki, sai dai in ji magagarin ya tsaya, na san murmushi yake yi.

Ni na fara lura idon Malam ya soma rauni. Da farko ya matsar da buzunsa daga cikin zaure zuwa bakin ƙofa, ya ce zafi. Daga nan ya koma waje gaba ɗaya. Rannan na miƙa masa ruwa, sai na ga hannunsa ya wuce kofin ya kama iska. Muka je asibiti, likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce take mutuwa a hankali. Da muka dawo, muna isa ƙofar gida ya ce, "Wannan magana ta tsaya tsakaninmu." Aikin gadi ya ajiye, ya ce ƙafa ce ta gaji. Shiga daji ya daina. Amma magagari bai ajiye ba, kuma ni na san dalili. Ranar da aka daina kawo masa kwanso, ranar zai zama makahon da ake gaisarwa don lada, kuma Malam ba zai daɗe a duniya a haka ba.

Ana nan sai matar Kofur ta aiko wai in je, tana son ganina. Na shiga mota zuwa Sabon Gari ina zaton haihuwa ce ko rashin lafiya. Na tarar da Kofur zaune a ɗaki, ba dariya, girarsa ta dama ta babbake, kumatunsa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini wani kwanso da ya tsage tun daga baki har ciki.

"Amarya, kin ga wannan? Saura kaɗan da yanzu ni da mutumina mun zama makafi biyu."

Na ce, "Kofur, ka gaya masa?"

"In gaya masa me? In ce hannunsa ya lalace? Gara in sa masa bindigar a ƙirji, zai fi sauƙi." Sannan ya ce, "Na tara sauran maharban, mun gama magana. Za mu ci gaba da kawo masa kwanso, mu karɓi abin da ya ɗura mu yi godiya. Amma ba mai harba ko ɗaya. Duk su kawo mini in kulle a akwatina. Sabo za mu riƙa nema a kanti, in babu mu haƙura. Cinya kuma ba za ta yanke ba. Ke dai abin da nake roƙo, ki riƙe bakinki."

Na ce, "Wannan ai yaudara ce."

Matarsa da ke gefe ta ce, "Ba yaudara ba ce, 'yar'uwa, kara ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na dawo gida da wannan nauyin. Ba zan ce na yi nadama ba, don ko yau aka sake tambayata abin da zan zaɓa ke nan. 'Yan zamani za su ce me ya hana a zaunar da shi a gaya masa gaskiya. Su suna ganin gaskiya kamar allura ce, a soka a wuce. Mu an rene mu a kan cewa ba a kwance wa babba zani a kasuwa, ko da kasuwar ta mutum biyu ce.

Haka aka yi ta tafiya. Ranar Asabar su zo, su zube kwanso, su karɓi ɗurarru, Kofur ya cika zauren da dariya. Ni in wanke, in shanya, Malam ya zauna a rana yana lalube da yatsa, don yanzu yatsan ne idonsa. Abin da Kofur da duk dabararsa ta soja ya manta shi ne 'yar tsagar nan ta gindi. Wata rana ina kwashe shanya na ji Malam yana juya kwanso ɗaya bayan ɗaya a tasa, yana shafa gindinsu da farce. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Duk baƙi ne. Nawa ba sa dawowa." Da Asabar ta zo ya tambayi Kofur. Kofur ya ce ai ciyawa ta yi tsawo bana, in kwanso ya faɗi ba a ganinsa. Malam ya ce, "Haka ne, ciyawa ta yi tsawo." A lokacin kuwa rani ne, an ƙone daji ƙurmus.

Bayan kwana biyu Malam ya kira ni ya ce in daka masa gawayi, in tankaɗe da rariya mai laushi. Na ce na mene ne, ya ce magani zai haɗa. Na daka na kawo. Ina tsaye ya jawo kwanson Kofur, ya riƙa ɗura musu garin gawayin nan a maimakon albarushi, bai sa komai mai kama wuta ba, ya toshe da dalma kamar kullum. Na ce, "Malam, me kake yi haka?" Ya ce, "Gada za shi nema, gada ba ta cizo. In ya harba ya ji shiru, gobe zai zo ya zage ni, ni kuma in yanka masa zakara don murna."

Allah Ya sani na yi addu'a a ranakun nan Kofur ya karya alkawarinsa ko sau ɗaya. Na yi tunanin in aika masa, amma in na aika na ci amanar mijina, in na yi shiru na bar amininsa ya faɗa rami. Ina cikin wannan saƙe-saƙen, ranar Asabar da la'asar, sai ga ƙararrawar kekensa. Ya shigo da cinyar gada a nannaɗe cikin ganye, ya dire ta gaban Malam.

"Mutumina, hannunka ya yi kyau! Harbi ɗaya, ko shurawa ba ta yi ba. Harsasan nan da ka ba ni satin jiya, wallahi sun fi na kanti."

Ina bayan asabari, tulun ruwa a hannuna. Na jira in ji Malam ya fashe. Sai na ji muryarsa, lafiya lau, ya ce, "Madalla. Allah Ya ƙara sa'a, Kofur." Suka yi hirarsu har aka kira magariba, Malam ya raka shi bakin hanya yana dafe da kafaɗarsa.

Da ya dawo ya zauna a kan buzu bai nemi buta ba. Na zo na durƙusa. Ya ce, "Kin sani?" Na ce na sani. Ya gyaɗa kai, bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Na ji masa ciwo?" Na ce girarsa ce ta ƙone, ta kuma fito. Sai na ga hawaye na bin gemunsa, karo na farko tun da na san shi. Ya ce in ɗauko gwangwanin albarushin, in cika shi da ruwa, in kai bayan gida in binne. Na yi. Da na dawo na ce, "To sai a gaya musu su daina wahalar da kansu." Ya ɗago da sauri.

"Kul. Mutumin nan yana hawo keke tun daga Dogarawa don ya rufa mini asiri. In ya san na gane, da wane ido zai dube ni? Kunya za ta hana shi zuwa. Ki dafa naman nan, ki sa yaji sosai, ki aika wa matarsa nata. Gawayi kuma kada ya yanke a gidan nan."

Shekarun da suka biyo baya haka na yi su, da sirri biyu a ciki ɗaya. In daka gawayi ranar Alhamis, in wanke kwanso ranar Juma'a, ranar Asabar in tsaya bayan asabari ina jin maza biyu suna yi wa juna ƙarya saboda ƙauna. Wani lokaci abin ya ba ni dariya har in toshe baki da gyale, wani lokaci in koma madafa in yi kukana in ce hayaƙi ne. Malam bai taɓa sassauta aikin ba. Kwanson da ya san ba mai harbawa, haka zai zauna ya auna shi da yatsa, ya ja magagari, ya hure. Sauran maharban suka yi ta raguwa, wani ya mutu, wani ya koma garinsu, dajin ma aka fara yanka shi fuloti-fuloti. Aka wayi gari Kofur kaɗai ke zuwa. Cinyar da yake kawowa ma daga baya na gane ta akuya ce daga kasuwar Sabon Gari, Malam kuma ya ci ya ce gadar bana ta yi mai.

Malam ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Kofur ya bi gawa har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu. Ranar sadakar uku ya aiko matarsa ta gaya mini a kunne, wai in gode wa Allah, Malam ya tafi da mutuncinsa, bai taɓa sani ba. Na ce mata haka ne.

Bayan na fita takaba, wata ranar Litinin da hantsi, aka yi sallama. Ba ranar zuwan Kofur ba ce, kuma ban ji ƙararrawar keke ba. Na fito na same shi tsaye, ya tsufa a 'yan watannin nan, wandonsa duk ƙaya, tafin hannunsa baƙi ƙirin. Bai kira ni da wasan da ya saba ba. Ya ce su sojoji in nasu ya mutu sukan yi masa harbi a sama, shi kuma bai samu yi wa amininsa ba. Shi ne ya buɗe akwati ya ɗauki harsashi ɗaya na Malam, ya tafi abin da ya rage na daji shi kaɗai. Ya ce ya yi niyya ko hannunsa zai tafi, sai ya harba na mutuminsa sau ɗaya. Ya ɗaga bindiga, ya ja kunama, ya ji ƙyas. Ya sa wani, ƙyas. Ya cire dalmar ya zazzage a hannu, ya shinshina. Ya koma gida ya juye akwatin a tsakar ɗaki yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Ya miƙo mini baƙin tafin hannun.

"Amarya, tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar da ka ce sun fi na kanti."

Ya ce, "Duk yabon nan da nake yi, yana ji, ya sani?"

"Ya sani."

"Me ya hana shi faɗa mini?"

Na ce, "Cewa ya yi za ka ji kunya, ka daina zuwa."

Kofur ya nemi bango da hannu, ya sulale ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum kamar wannan. Ya buɗe baki zai yi dariyar nan tasa, ba ta fito ba. Ya kifa fuskarsa cikin tafin hannun gawayin, kafaɗunsa suna girgiza. Na shiga na ɗebo masa ruwa na ajiye a gefensa, na koma bayan asabari na zauna, muka yi ta kuka, shi a waje ni a ciki, har rana ta take tsaka bai taɓa ruwan ba.